Busa Daga Bayan Zana

Ranar Laraba da hantsi aka kai surukina makwancinsa. Na Allah ne mu duka, wurinSa kuma za mu koma. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta.

Kafin azahar ƙofar gida ta cika, har sai da aka aro tabarmi daga masallaci. Mu mata muna ciki, amma shingen gidanmu na zana ne, duk abin da maza ke faɗa a waje yana shigowa. Kowa da Baban da ya sani. Liman ya ce bai taɓa waiwayawa ya rasa shi a sahun gaba ba, sai in ciwo ne ya kwantar da shi. Wani abokinsa da ya taso tun daga Gaffati a kan jaki ya ce, "Allah Ya jiƙan mai taurin kai! Tun muna samari muke gardama a kan wane gero ya fi jure fari, ga shi ya tafi bai yarda ba." Ya fara dariya, dariyar ta maƙale masa, aka shiga ba shi haƙuri. A cikin gida kuwa wata tsohuwar maƙwabciyarmu sai maimaitawa take, "Yanzu wa zai riƙa cire mana ƙaya?" Gaskiyarta, don Baba yana da hantsaki, kuma duk ƙauyen babu ƙafar da bai riƙe ba.

Da la'asar wani ɗan ƙanen Inna, uwar mijina, ya shigo yi mata gaisuwa. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Damagaram. Ya hangi wani ɗan dunƙulen yumɓu rataye da igiyar fata a ƙofar ɗakina, ya ce, "Ikon Allah, har da okarina a gidan nan?"

Inna ta ce, "Ku kuka san wannan. Mu dai kurciya muke ce mata."

Ni ban ce komai ba. Matar ɗa ba ta buɗe baki ta yabi surukinta a gaban jama'a, ko da kuwa a zaman makokinsa ne. Amma na ji an faɗi sallarsa, an faɗi gardamarsa, an faɗi hantsakinsa, ban ji wanda ya faɗi abin da ni na sani ba. Shi ya sa na ɗauko alƙalami, tunda na ɗan yi lakwal, kuma takarda ba ta jin nauyin kowa.

Kurciyar nan abin busa ce ta yumɓu, girmanta bai wuce ƙwan agwagwa ba sai kaɗan. Tana da ɗan baki inda ake hurawa, da wata 'yar taga ƙarƙashinsa inda sauti ke fita, da ramuka huɗu na yatsu. Mahaifiyar Baba maginiyar tukwane ce 'yar Mirya, ita ta gina masa tun yana saurayi. Kullum kurciyar tana cikin aljihun ƙirjin rigarsa. Ba kiɗan biki yake yi da ita ba. Awakinsa yake kira. In la'asar ta yi sanyi sai ya hau tudun bayan gida ya busa wani ɗan take: doguwar murya ɗaya can ƙasa, biyu masu hawa, sannan ta sauko tana rawa kamar kukan kurciya. Kafin ka sha ruwa ka ajiye moɗa za ka hango ƙura, jar akuyarsa Kyalla a gaba, sauran na biye.

Ni 'yar birni ce, 'yar dukawa, a Damagaram na tashi cikin warin fata da jima. Da na auri babban ɗansa aka kawo ni wannan ƙauye na gefen Hamdara. Mijina ɗan fari ne, Baba ko sunansa ba ya kamawa, balle ni matarsa. In zai shigo gida sai ya yi gyaran murya tun daga zaure, ni kuma in shige ɗaki. In muka yi kaciɓis a hanyar rijiya na durƙusa na sunkuyar da kai, shi kuma ya amsa gaisuwa yana kallon wata bishiya. Shekara biyu na yi a gidan, in aka ce in siffanta fuskarsa ba zan iya ba. Takalmansa dai na san su sarai.

Sai fari ya zo. Damina ta farko gero ya yi kara bai fitar da kai ba. Ta biyu ko karan bai yi ba. Rumbu ya ƙare, muka koma jiƙa anza, 'ya'yan wani itacen daji, kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Mijina da ƙannensa suka bi kamiyo, babbar motar kaya, suka yi kudu neman abin da za su aiko. Gida ya rage daga Baba, sai Inna, sai ni, sai 'yata da ko rarrafe ba ta fara ba. Nonona ya ƙafe. Abin da ya riƙe ran yarinyar nan shi ne ɗan abin da ake tatsa daga Kyalla da wasu awaki biyu safe da yamma.

Awaki bakwai suka rage mana. Kusa da gari babu ko tsinke, dole a sake su su yi nisa can wajen duwatsu neman 'ya'yan gawo da ganyen aduwa, kuma babu mai ƙarfin bin su. Da busar Baba kaɗai suke dawowa. Ana cikin haka tari ya kama shi, irin mai shiga ƙirji ya zauna. Doguwar muryar nan ta farko ta fara yanke masa a tsakiya. Wata rana na ji ya busa rabi, ya tsaya yana haki, ya sake, ya sake. Na dubi 'yata a cinyata.

Washegari ya zauna a bayan zanar da ta raba sashensa da namu, ya kira Inna. Ina zaune taku uku daga wurin, ina jin numfashinsa.

Ya ce, "Ki gaya wa yarinyar nan za ta koyi busa."

Inna ta juyo ta ce, "To, kin ji."

Na ce, "Inna, ki ce wa Baba ni ko fito ban iya ba."

Ya ce, "Ki ce mata gara haka. Wanda ya iya fito gani yake ya san komai."

Inna ba za ta iya ba, sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu, kuma ta ce ita tun tana amarya busar da ta iya ta wutar murhu ce. Saura ni. Amma akwai matsala, kuma duk mun san ta ba tare da an faɗa ba: ta yaya matar ɗa za ta sa bakinta inda bakin surukinta yake taɓawa? Ko ƙwaryar furarsa ban isa in kurɓa ba.

Baba ya warware wannan da kansa. Ya tono 'yar laka a busasshen tafki, ya daka, ya tankaɗe. Ruwan kwaɓawa ne babu, don a lokacin da awo ake raba ruwa a gidanmu. Daga baya Inna ta gaya mini kwana uku yana taimama, yana tara ɗan ruwan alwalarsa a buta, da shi ya kwaɓa lakar. Ya gina mini tawa kurciyar da abin da ya tuna na hannun mahaifiyarsa, Inna ta gasa ta a murhu da kashin awaki. Ta fito baƙa, 'yar ƙarama, gefe ɗaya a ɗan karkace. Har yau in na tuna butar nan sai idona ya cika.

Ranar farko na cika kumatu na hura da iyakar ƙarfina. Abin ya yi wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, 'yata ta farka da kuka, kajin maƙwabta suka watse. Daga bayan zana sai na ji gyaran murya.

"Ki tambaye ta, da wa take faɗa?"

Inna ta ce, "Wai da wa kike faɗa?"

"Ki ce mata ba tsawa ake yi wa kurciya ba. In za ta ba 'yarta kunu mai zafi a ludayi, yaya take hurawa? To haka. In ta hura da ƙarfi kunun ya fantsama, in ta yi sanyi-sanyi bai huce ba."

Sati guda cur bai bar ni na ɗaga yatsa ko ɗaya ba. Ramuka huɗu a rufe, murya ɗaya tak, in ja ta har numfashina ya ƙare, ba rawa, ba hawa, ba sauka. Bai taɓa cewa na yi daidai ba. In na yi kuskure zai yi gyaran murya sau ɗaya, ma'ana in sake. In na yi daidai sai ya yi shiru. Da farko na sha wahala, don ga tarin ciwo ga gyaran muryar hukunci, sai da kunnena ya koyi raba su. Tarin ciwo daga ƙirji yake tasowa. Na hukunci kuwa gajere ne, daga maƙogwaro, kuma yana da ɗan rainin wayo a ciki.

Yatsu suka fi ba mu wuya. Ba zai iya kama hannuna ya gyara ba, ni kuma ba zan iya kallon nasa ba. Amma ta bayan zana yake jin komai.

"Ramin ƙarshe yana yoyo."

Na rantse wa Inna na rufe shi.

"Ki ce mata ta danna, ta ƙirga goma, ta ɗaga, ta dubi yatsunta. Zobe nawa ta gani?"

Na duba. A kan naman yatsu uku ga shatin rami zagayayye cif. A na huɗu rabin zobe ne. Ashe da bakin farce nake rufewa. Ya ce in kwantar da yatsun, da tsokarsu ake toshewa, kuma kada in matse kamar mai shaƙe kaza. Tun daga ranar, kafin in busa sai na nemi zobena huɗu.

Da kaɗan-kaɗan sauran suka biyo. Kowace murya a fara ta da harshe, kamar za a ce "tu", ba a turo ta daga maƙogwaro ba. Muryar ƙasa numfashi mai ɗumi take so, a hankali, ta sama kuma a ƙara mata iska kaɗan, a ɗan sunkuyar da kai. In sauti ya dushe, yawu ne ya taru a hanyar iska, a toshe tagar da yatsa a hura da ƙarfi sau ɗaya. Kada a busa ta da sanyinta, a sa ta jikin mutum ta ɗumama tukuna. A nan na gane dalilin aljihun ƙirji. Ni a ƙullin zane nake sa tawa. In wuri ya gagare ni, ba ya bari in koma farko, sai dai in tsaya a kan muryoyi biyun nan da suka ƙi haɗuwa in yi ta kai da komo a tsakaninsu, a hankali, har su saba.

Inna ce ta fara gajiya. Wata rana ta ce, "Ni fa na gaji da zama wayar tangaraho. Kana jin ta, tana jin ka, ni ce dai ba na jin komai sai ciwon kai." Ta tashi ta tafi tsakar gida wajen anzarta. Ba abin da ya sauya. Ya ci gaba da cewa "ki gaya mata", ni ina cewa "Inna, ki ce wa Baba", alhali Inna tana can tana tace ruwa, ko sauraronmu ba ta yi.

Ba zan ɓoye ba, mun yi faɗa sau ɗaya, kuma ni ce da laifi. Ina da zuciya, duk gidanmu an sani. Ranar ban ci komai ba sai ruwan anza, yarinya ta yini tana kuka, na busa gangaren nan na ƙarshe ya fi sau ashirin, kowane da gyaran muryarsa. Sai na dangwarar da kurciyar a tabarma na ce da ƙarfi, "Inna, ki ce wa Baba in abin da sauƙi ya zo ya busa da kansa!"

Inna ta saki ludayi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Can sai ya ce, a hankali, "Ki ce mata da ina iyawa da ban wahalar da ita ba."

Na yi kuka ranar, irin kukan da ba a so a ji. Da yamma na tarar da 'ya'yan goruba uku a ƙofar ɗakina. Ban san inda ya samo su a wannan shekara ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba har ya koma ga Allah.

Sai da aka yi wajen wata ɗaya da rabi sannan taken ya zauna a hannuna. Duk wannan lokaci shi yake lallaɓawa ya hau tudu, ya busa da ɗan numfashin da ya rage. Sai ranar da ya kasa tashi. Na hau tudun da baƙar kurciyata, na duba zobe huɗu, na busa take tun daga farko har ƙarshe, babu kuskure ko ɗaya. Na jira ƙura. Babu. Na sake, na sake, har aka kira magariba. Awaki ba su dawo ba. 'Yata ta kwana da ruwan ɗumi.

Da safe ni da Inna muka bi sawu. Mun samu biyar a gindin wani dutse, sun cure wuri ɗaya. Biyu diloli sun riga mu. Kyalla na cikin masu rai, na rungume wuyanta kamar 'yar'uwata. Muka koro su gida muka tatsa, amma dole muka sake sakin su, don ɗaure su a gida yunwa ce za ta kashe su.

Da Inna ta ba Baba labari ya ce laifinsa ne. Tawa ƙarama ce, muryarta siririya, ba ta kai nisan duwatsu, in ma ta kai ba ita awakin suka sani ba. Take ɗaya ne, murya daban.

La'asar na yi sai ga Inna da faifai, a kansa kurciyar Baba, ja, ta yi sulɓi don shekaru. Ta ajiye a gabana. Na ja da baya.

Na ce, "Inna, ba zan iya ba. Wallahi da kunya."

Ta ce, "To bari in ɗauraye bakin."

Daga bayan zana ya ce kada a sa mata ruwa, jiƙaƙƙen yumɓu ba ya magana. Sai ya yi tari mai tsawo. Da ya lafa, ya ce wata kalma da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"'Yata."

Ba Inna ya kira ba. Ni ya kira.

Na ce, "Na'am, Baba."

"In uba ya sha ruwa ya rage, 'yarsa ba ta sha? Ɗauki. Rana tana tafiya."

Na ɗauka. Da ɗuminta, daga ƙirjinsa aka ciro ta. Na hau tudu. Ramukanta sun fi na tawa faɗi da tazara, busar farko ta fita a karkace, ta biyu kunya ta sa na yi ta kamar mai raɗa. Na tsaya. Na danna, na ƙirga goma, na dubi yatsuna. Zobe huɗu. Na tuna ludayin kunu, na ce "tu", na saki numfashi mai ɗumi. Muryar da ta fito ta Baba ce, ba tawa ba, har na waiwaya. Na kai take ƙarshe, na sake daga farko. A karo na uku na hango 'yar ƙura daga wajen duwatsu, ja a gaba, huɗu a baya.

Na sauko ina haki na zauna a wurina, ina jiran ko zai ce wani abu. Shiru. Inna ta ce, "Kai dai ba ka iya yabo ba." Ya ce, "Ki ce mata ta je ta yi tatsa."

An koma "ki ce mata" ke nan. Sau ɗaya tak ya kira ni 'yarsa a duk zamanmu, amma ya ishe ni.

Allah Ya kawo ruwa, mijina ya dawo, tarin Baba ya yi sauƙi, ya ƙara shekaru masu yawa. Numfashin busa dai bai dawo ba, bai kuma karɓi kurciyarsa ba. Kullum la'asar ni nake busawa, shi yana zaune bayan zana da carbinsa. Ruwa ya wadata, awaki ba sa nisa, na daina ma hawa tudu, daga tabarmata nake kira. Kada ku ɗauka ya daina gyara. Ko a watan da ya wuce, yana kwance, sai da ya yi mini gyaran murya a kan ramin ƙarshe. Yarinyar da nonon Kyalla ya raya kuwa ita ce ta yini tana raba wa masu gaisuwa ruwa ranar Laraba, da goyonta a baya.

Ranar da aka binne shi, rana ta yi ƙasa, mutane sun fara raguwa, sai Inna ta dubi turken awaki ta ga wayam. Da hidimar makoki kowa ya manta da su. Jikokin jikokin Kyalla ne, sun fi ashirin yanzu.

Ta ce, "Tashi ki kira su."

Na ce, "Inna, busa a gidan makoki? Me mutane za su ce?"

Ta ce, "Awaki sun san an yi mutuwa ne? Da yana nan kika bar su har war haka, da kin ji gyaran murya."

Na ciro kurciyar daga ƙofar ɗaki, na sa ta a jikina har ta yi ɗumi. Na je na zauna a wurina, taku uku daga zana. Na duba yatsuna. Na busa doguwar muryar ƙasa, da biyu masu hawa, da gangaren. Maganar maza a waje ta tsaya. Na ji abokin nan na Gaffati ya ce, "La'ilaha illallahu," da wata irin murya. Ba a jima ba na ji kofatai a bayan gida.

Na sauke kurciyar a cinyata, na karkata kunne wajen zana yadda na saba, ina jira.

Shiru.

Shekara da shekaru in ya yi shiru murna nake yi. Ranar na ce a raina, Baba, ko sau ɗaya, yi mini gyaran murya in sake.